Katin Barci Yana Aljihuna

Bari in fara da faɗa muku cewa ni wawa ne, kada wani ya riga ni. Ba wautar ƙuruciya nake nufi ba, wadda ake yafe wa mutum. Wautar mai furfura, wadda ake yi da hula a ka da carbi a hannu. Ku da kuka kama aiki a gidan nan bana, kuna ganina a gindin mangwaro ina ba ku dariya, kuna cewa Baba Sale ba shi da damuwa. To akwai wata Laraba da ta ƙi barina, kuma ban ga alamar zan manta da ita ba sai ranar da aka tura mini ƙasa. Ita zan ba ku yau.

Ni direba ne. Karatuna aji uku, shi ma rabinsa a bakin rafi na yi shi. Ina karanta lambar mota da allon hanya, in rubutu ya wuce layi biyu sai in nemi mai ido. Na ja tifa, na ja motar doya, da bayana ya fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa sai na samu wannan aikin na jan bas ɗin gidan nan.

Saboda wanda zai ji labarin nan daga baya bai san gidan ba, ga yadda yake. Muna nan Lafia, can bayan gari. Mutanen da tashin hankali ya taɓa ake kawo mana, waɗanda aka kai wa hari a ƙauye suka tsira da rai amma barci ya gudu, ko magana ta ɗauke, ko ƙarar faɗuwar kwano ta sa su shige ƙarƙashin gado. Mako shida mutum yake yi. A sama akwai Likita, yana zuwa Litinin da Alhamis. Sai Sista mai ba da magani. Sai jami'ar walwala, wadda a lokacin Madam Rahila ce. Daga nan kuku, maigadi, sai ni a can ƙasa, ni da tsintsiya muna gardamar wa ya girmi wani. Ranar Alhamis ta mako na shida, manyan nan uku sukan zauna da mutum su yanke shawara. Ko a sallame shi ya koma wajen danginsa, ko a rubuta masa takarda zuwa babban asibitin masu taɓin hankali da ke wata jiha, tafiyar rabin yini. Hanya biyu ke fita daga gidan nan, kuma duk wadda aka bi ni ne a sitiyari.

Madam Rahila ce ta kawo wasan. Ta ce a jami'a ta koya. Kowace Laraba bayan abincin rana sai a jawo teburin cin abinci, a shimfiɗa kwali wanda ta zana daji da kogi da duwatsu a kai. Kowa ya ɗauki murfin kwalbar lemo ɗaya, wannan murfin shi ne kai a cikin labarin. Ita tana ba da labari, ku kuna faɗin abin da za ku yi. In ka ce za ka tsallake rami, sai ta miƙo maka ɗan ludo, amma nata mai fuska ashirin ne, ka jefa. Ya ba da babbar lamba ka tsallake, ya ba da ƙarama ka faɗa. Shi ke nan. Da farko na ce wannan ai shirme ne, manya da gemu suna tura murfin kwalba. Daga baya na ga mutumin da ba zai iya cewa "ina jin tsoro" ba yana iya cewa "murfina yana jin tsoro". A nan aikin yake.

Kowane murfi da sana'arsa. Akwai mai takobi, akwai mai magani, akwai mafarauci, akwai mai siddabaru. Na ƙarshen nan kowa ya ƙi shi. Talatu, wata mai dafa gishiri daga Awe, ta ce in fastonsu ya ji ta shiga uku. Ɗanlami, ɗan acaɓa ne kafin abin ya same shi, ya ce shi takobi ko ba komai. Su biyun nan ko bayan an sallame su, ba su daina zuwa wasan Laraba ba. Ina bakin taga ina goge gilashin mota Madam ta leƙo.

"Baba Sale, zo ka zama boka."

"Madam, ni da na yi alwala yanzu?"

"Na takarda ne. Ba ya karya alwala."

Haka na samu ƙarin girma ba ƙarin albashi. Har yau tsofaffin ma'aikata Bokan Takarda suke ce mini.

Ga dokar mai siddabaru, ku riƙe ta don a kanta labarin yake. Yana da kati goma sha biyu a cikin gwangwanin biskit, kowane da irin aikinsa. Saboda ni Madam ta zana musu hoto maimakon rubutu. Akwai Barci, mai sa mutum biyu ko uku su ɓingire a inda suke. Akwai Santsi, mai mayar da ƙasa kamar an zubar da miyar kuɓewa. Akwai Murya, ka yi magana a nan a ji ta a bayan dutse. Akwai Igiya mai ɗaure kanta, da Duhu, da Fitila, da Mabuɗi, da wani mai sa ka fahimci yaren da ba naka ba, da wani mai sa nauyi ya zama kamar auduga. Sai Wuta, ita guda uku ce. Duk sanda gari ya waye a cikin labarin, mai siddabaru zai zaɓi uku kacal, ya kife su a gabansa. Ba ya sanin abin da ranar za ta kawo. Wanda ya buɗe ya yi aiki da shi ya tafi ke nan sai wata safiyar. Wanda ya bari a gwangwani kuwa, ko zai mutu ba ya taɓa shi.

Ni kuwa Wuta uku nake kwashewa. Kullum. Hoton ma ya fi kyau, ja da rawaya, kuma in na buga shi a tebur na ce "Ga ta nan!" sai kowa ya fashe da dariya. Mun iso kogi ana neman yadda za a haye, aka juyo aka dube ni, Wuta. Jakinmu ya faɗa rami, Wuta. Wata rana muka sami akwati a kulle, na ƙone shi, Madam ta ce taswirar da muka yi mako biyu muna nema tana ciki. Talatu ta ce, "Baba, kai da za a ba ka jariri ka yi masa wanka, ashana za ka nema." Ni dai in an yi dariya na ci riba. Tun ina yaro haka nake, ban iya zama a wuri ba a san ina nan ba.

Ana cikin haka aka aike ni Assakio in ɗauko wani. Ƙarshen rani ne, ana jiran ruwan farko. Sunansa Terna, manomin doya, mutumin da bai wuce arba'in ba amma yana tafiya kamar ɗan saba'in. A gidan yayarsa yake zaune shi da 'yarsa, Doo, mai shekara bakwai. Da zai shiga mota na ga hannayensa. Fatar ta tattare, fari da baƙi, yatsu biyu sun manne.

Yayar ce ta ba ni labari a hanya, yana zaune a baya kamar buhu. Yana gona aka shigo ƙauyensu. Matarsa ta tura yarinyar cikin ciyawa, ita ta shige rumbu ta ja ƙofa. Aka cinna wa rumbun wuta. Ya iso da gudu, ya kama ƙofar da hannu, ƙofar ta ƙi. Tun ranar bai ƙara magana ba, wata biyar. Yarinyar ta fara gudunsa, in ya shigo ɗaki sai ta fita. Yayar ta ce, "Baba direba, abu ɗaya nake roƙo. Ya dawo ya kira sunan yarinyar nan da bakinsa kafin a yi huɗar doya."

Na faɗi wannan ne don kada wani ya yi mini uzuri daga baya. Na sani. Da kunnena na ji, ina riƙe da sitiyari.

Larabar da ta biyo baya na buɗe gwangwani na ga kati tara.

"Madam, an yi mini sata."

"Wuta ta tafi hutu, Baba Sale."

"Kin kwance mini taya huɗu kin ce in ja mota."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ka san dalili."

"Na sani," na ce.

Terna ya ɗauki murfin mafarauci. Mako biyu bai ce uffan ba. In layi ya zo kansa sai ya tura murfin da bayan yatsa, Madam ta fassara abin da yake nufi. Ni kuwa na zama kamar makaho a kasuwa. Ina zaɓen kati ne da kyan hoto. Na taɓa kunna Fitila da rana tsaka don kawai in nuna ina aiki.

A mako na uku, cikin labarin, kuraye bakwai suka biyo mu har wani siririn lungu tsakanin duwatsu. Ɗanlami yana ihu a sare su, murfinsa saura ƙiris ya mutu. Na kai hannu zan buɗe Duhu, don ni a ganina in ba su gan mu ba shi ke nan. Sai na ji wata murya kamar an ja tsohuwar kujera.

"Santsi."

Kowa ya tsaya. Madam ba ta ɗaga kai ba.

"Kura yana gani da hanci," in ji Terna. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya. "Duhu mu zai kashe. Ka zuba Santsi a bakin hanya, wurin ya matse. Na gaba ya faɗi, na baya ya hau kansa."

Na zuba Santsi. Kuraye suka taru a kan juna, Ɗanlami ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Talatu ta yi guɗa har kuku ya leƙo da ludayi a hannu.

Daga ranar Terna ya zama mai ba ni shawara. Kafin in zaɓi kati sai ya tambayi Madam, ina za mu bi yau, tudu ne ko fadama, mutane ne a gaba ko dabbobi. Sannan ya juyo wurina. Shi ya nuna mini cewa katin nan ba don kashe abokin gaba aka yi su ba, yawancinsu don kada a kai ga faɗan ne. In masu gadi sun yi yawa, ka jefa Murya can nesa su rabu biyu. In kana gudu, Igiya a tsakanin itace biyu ta fi takobi. Ya hana ni ɗaukar biyu masu aiki iri ɗaya. Ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na abin da ba a zata ba. Kuma kada in buɗe na ƙarshe sai in babu sauran dabara.

"Baba, kai kana tafi gona da fartanya uku?" ya ce mini wata rana. "Adda fa? Ruwan sha fa?"

"Ni gonata titi ce."

"To motarka, birki uku ne ba sitiyari?"

Ya kan zo ya zauna a kan dutse in ina wanke bas. A nan na nuna masa sana'ata ta biyu. Shekara arba'in ina karta a tasha, kuma ban taɓa yin ta gaskiya ba. Ina iya sauya kati a gaban idonka, na hannun riga ya koma tebur, na tebur ya koma aljihu, kana kallo ba ka gani ba. Na yi masa sau uku da katin waya. A na ukun ya yi dariya, irin wadda take fitowa da tari. Sista ta leƙo ta taga ta rubuta a fayil ɗinsa. Ni na ba shi dariyarsa ta farko a gidan nan. Ku riƙe wannan ma.

A mako na biyar yayarsa ta zo ziyara ta kawo masa wani tsinken tsintsiya, an karya shi daidai tsawon ƙafar Doo. Ya nuna mini.

"Ranar da za ka kai ni gida, mu tsaya kasuwa. Takalmin roba. Ja."

"An gama, Oga manomi."

Kowa ya san Alhamis mai zuwa sallamarsa za a yi. Yana cin abinci, yana barci, har ya fara gyara wa kuku 'yar gonar alayyahu a bayan kicin.

To me ya kai ni? Na daɗe ina neman amsa mai kyan ji, ban samu ba. Gaskiyar ita ce an daina yi mini dariya. Tebur ya koma sauraron Terna. Muna cin nasara, amma ni na zama mai miƙa kaya kawai, kamar yaron makanike. Ɗanlami kuma ya samu abin tsokana.

"Boka an cire masa haƙora. Da can in ka buga kati har maigadi yana ji. Yanzu sai, Oga Terna me zan ɗauka? Oga Terna in yi atishawa?"

Na yi dariya tare da shi, amma abin ya zauna mini a ƙirji. Tsoho da jikoki, maganar ɗan acaɓa ta hana shi sakat.

Safiyar Laraba ta ƙarshe Madam ta aike ni ofishinta in ɗauko takardun mota a durowa. Na ja durowa, ga katunan Wuta nan su uku an ɗaure da roba, ja da rawaya. Ban yi dogon tunani ba. Na zare ɗaya na sa a hannun riga. Na ce a raina takarda ce, mutumin nan ya warke, gobe ma gida za shi, bari in yi musu bankwana da abin da za su riƙa tunawa. Da za mu zauna na raɗa wa Ɗanlami, "Yau ka buɗe ido, haƙoran boka sun tsiro."

Labarin ranar shi ne, 'yan fashi shida sun sace wata mata mai maganin ƙauye sun kulle ta a wani ɗakin ajiya a kan tudu. Madam ta ajiye farin murfi a cikin ɗakin da ta zana, ita ce matar. Sai daga baya na ji cewa ita da Likita suka tsara labarin da gangan. Suna so, kafin ya tafi gida, Terna ya shiga wani ɗaki ya fito da mace da rai, ko da a kan kwali ne.

Terna ya daɗe yana kallon zanen. Sannan ya tsara. Murya, a janye yawancinsu zuwa gangare inda Ɗanlami da Talatu za su tare su. Shi zai rarrafa ta baya ya shiga ta wata kafa. Matar ba za ta iya bi ta kafar ba, dole ta ƙofa za su fito, don haka Barci ga waɗanda suka rage a bakin ƙofa. Igiya kuma ta sauka daga tudu.

"Murya, Barci, Igiya," ya ce. "Ka ɗauka, Baba?"

"Na ɗauka."

Na ɗauke su kuwa a gaban kowa. Wajen kifewa ne hannuna ya yi aikinsa. Barci ya tafi aljihun gaba, Wuta ta kwanta a tsakiya.

Komai ya tafi daidai. Na buɗe Murya na yi kukan akuya a gangare, har Madam ta murmusa. Huɗu suka bi. Terna ya jefa ɗan ludo ya samu sha bakwai, ya shige ta kafar ba wanda ya ji. Ya tura murfinsa har ya taɓa farin murfin. Madam ta sauya murya ta ce, "Wane ne?" Terna ya ce, "Ni ne. Na zo. Tashi mu tafi." Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Talatu ta sa bakin zane ta share ido.

Ya tura murfin biyu zuwa bayan ƙofa. Masu gadi biyu na tsaye a waje. Bai ko dube ni ba, don ya yarda da ni.

"Yanzu, Baba. Barci."

Ina so ku gane cewa ina da lokaci. Hannuna na dama yana kan katin, na hagu yana kusa da aljihu. Tari ɗaya zan yi in gyara hula, Barci ya dawo tebur, babu mahalukin da zai sani. Na yi abin da ya fi wannan wuya a gaban 'yan tasha masu wuƙa a ƙugu. Kuma na ji muryar nan tasa, wani abu a cikina ya ce Sale, bari. Sai na ɗaga ido na ga Ɗanlami ya zuba mini ido, bakinsa a buɗe, yana jira.

Na buɗe katin na buga shi a kan zanen ɗakin, a kan murfin nan biyu.

"Ga ta nan!"

Ɗanlami ya yi "Fuuuu!" da baki ya watsa hannuwa sama, ya fara dariya. Shi kaɗai. Dariyar ba ta yi nisa ba Talatu ta kai masa duka a kafaɗa. Madam ta fizge katin ta cusa a ƙarƙashin cinyarta.

"Wannan ba ya cikin wasa. Babu wuta. Terna, dube ni. Babu wuta, kuskure ne. Masu gadi sun yi barci, ƙofa a buɗe take, ku fito."

Bai dube ta ba. Ya sa yatsun nan nasa da suka manne ya ɗauki farin murfin a hankali, ya rufe shi a tafin hannu. Ya tashi, kujerar ta faɗi bai waiwaya ba. Ya fita tsakar gida wajen famfo, ya buɗe, ya sa hannuwansa biyu a ƙarƙashin ruwa. Ya tsaya a nan. Tankin ya ƙare yana tsaye, hannuwan a miƙe.

Na bi shi na ce, "Oga manomi, wasa nake. Takarda ce." Sista ta ce, "Baba Sale, koma wajen motarka."

Washegari aka yi zaman. Ina waje, amma tagar a buɗe take. Likita ya yi masa tambaya ta fi goma, da Hausa, da Turanci, har aka kira kuku ya gwada da yarensu. Shiru. Yayarsa ta zo da jakar da za ta kwashe kayansa, ta koma da ita ba komai. Likita ya ƙara masa mako guda, abin da ba a cika yi ba. A makon nan ya daina cin abinci sai an ba shi a baki, kuma duk sanda aka neme shi yana bakin famfo. Alhamis ta biyu aka rubuta takarda.

Ni ma an rubuta mini tawa, takardar tuhuma. Da yake ta wuce layi biyu, Madam da ta rubuta ita ta karanta mini. Da ta gama ta ajiye.

"Me ya sa, Baba?"

"Wasa nake, Madam."

"Na sani. Da mugunta ce da na san yadda zan tsare gidan nan daga gare ta."

Ta ce ita ma da laifinta, da ta kulle durowa, ko ta yaga katin tun farko. Likita kuma ya kira ni gefe ya ce kada in ɗauki kayan duka a kaina. Wanda kati ya rusa, in ji shi, wataƙila murhun gidan yayarsa ma zai rusa shi, gara da abin ya faru a gabansu. Na riƙe maganar nan kwana biyu ina jin sanyi. A na uku ta daina aiki. Wataƙila murhu zai yi, wataƙila ba zai yi ba. Murhu dai bai yi masa alkawari ya ce na ɗauka ba.

An dakatar da ni mako biyu, amma aka ce sai na dawo daga kai shi, don babu wani direban. Muka tashi da safe, ni da shi da Sista da yayarsa. An yi ruwan farko a makon, duk gefen hanya mutane sun fito ana huɗa. Yayar tana kallonsu ta taga. Da muka zo wucewa ta kasuwa ƙafata ta sauka daga totur da kanta. Na duba madubi. Idonsa na kan hannunsa. Na taka muka wuce.

Abin da ya biyo baya kaɗan ne. Ya bar tsinken nan a kan kujerar mota, ban sani ba ko mantawa ya yi. Na sayi takalmin, ja, na kai Assakio. Yarinyar ta karɓa ta ce, "Babana ne ya aiko?" Na ce e. Wannan ƙaryar ban yi nadamarta ba. Doyar shekarar ta wuce shi, ta shekarar da ta biyo ma haka. Daga baya na ji an sallame shi, wasu dangi sun tafi da shi can ƙetaren kogi, yarinyar kuma tana nan wajen yayar. Ko ya kira sunanta, ban sani ba. Ban da fuskar da zan je in tambaya.

Wasan bai mutu ba, kun gani da idonku, har yanzu ni ne boka. Madam ta zana sabon Barci kafin a yi mata canjin wurin aiki. Tsohon yana nan tare da lasina, duk shingen da aka tsayar da ni sai na gan shi. In kun lura, kafin in zaɓi kati nakan tambaya ina za mu bi yau, kuma wa ke zaune a tebur. Abin da zan ce muku game da aikin nan ke nan, ku da kuke da takardun makaranta. A gidan nan babu ƙaramin ma'aikaci. Likita yana ganin mutum sau biyu a mako, mu masu tsintsiya da sitiyari da ludayi muna tare da shi kullum, kuma da mu yake fara sakin jiki. Kowannenmu akwai abin da ya fi iyawa, wanda in ya yi ake tafa masa. Nawa ban dariya ne. Sai ka yi ta jawo shi a ko'ina, a kogi, a rami, a bakin ƙofa, don shi ne mai daɗi a hannu. Wanda ke gabanka kuwa wani abu dabam ya roƙa, kuma yana nan a aljihunka.

Saura abu ɗaya da na tsallake, don ban cika son faɗinsa ba.

Da muka isa asibitin da azahar, Sista ta shiga da takardu, yayar ta sauka neman ruwan sha. Aka bar mu mu biyu a mota, inji a kashe. Ina ta goge sitiyarin da ba shi da datti. Kwana tara ke nan ba wanda ya ji muryarsa.

"Baba Sale."

Na juya da sauri har hulata ta faɗi. Hannunsa a dunƙule, na san farin murfin na ciki. Ba fushi a fuskarsa. Da akwai da na fi samun sauƙi.

"Na gan shi ranar. Kunnen katin ya leƙo a aljihunka. Na ce ba komai, Baba wasa yake, lokaci ya yi zai mayar."

Na sunkuya na ɗauki hulata. Sista ta taho da ma'aikata biyu masu fararen kaya. Ɗaya ya ja ƙofar bas. Terna ya sauko da ƙafa ɗaya, sannan ya tsaya ya dube ni.

"Kai da ka iya maguɗi, Baba. Me ya sa ba ka yi mini ba?"